Fatiha da haƙƙin jini: yadda addini ke tsara tunawa da waɗanda hukuma ta kashe

Tun watan Oktoban 2024, lokacin da hukumomi suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai suka sa na Djibo Bakary, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a fadojin samari da majalisun dattawa. Jagoran Sawaba, jam'iyyar adawar da gwamnatin Diori ta haramta, ya samu titi. To magoya bayansa da aka harbe a bainar jama'a a 1964 fa? Ɗaliban gadar Kennedy fa, da mutanen Cintabaradan, waɗanda jami'an tsaro suka kashe a 1990? Wasu na cewa a bar matattu su huta, a yi musu fatiha, hisabi yana wurin Allah. Wasu na cewa fatiha ba ta wanke jini. Abin da ke rikita mai sauraro shi ne kowane ɓangare da aya da hadisi yake kafa hujja.

Su wa ake magana a kansu

Mulkin kama-karya a nan yana nufin mulkin da babu kotu, majalisa ko jarida da ke iya taka masa burki, ko na soja ne ko na jam'iyya ɗaya. Nijar ta zauna a irinsa daga 1960 zuwa 1991: jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani, sai sojojin Seyni Kountché daga 15 ga Afrilun 1974, sai Ali Saibou. Ta'asar hukuma kuwa ita ce kisa, azabtarwa ko ɓatar da mutum da jami'an gwamnati suka yi da makamin gwamnati, ba tare da shari'a ta gaskiya ba.

Waɗanda suka mutu ta wannan hanya ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan Sawaba na 1964 da 1965. Akwai Aïssa Diori da aka kashe a daren juyin mulkin 1974, da Sani Souna Sido, mataimakin Kountché da aka kama a 1975 ya mutu a tsare, da waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa bayan yunƙurin juyin mulkin Maris 1976. Akwai ɗalibi Amadou Boubacar da ya mutu a hannun jami'an tsaro a 1983. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, mutum uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Mamane Saguirou. A watan Mayun shekarar, bayan harin da wasu matasan Abzinawa suka kai Cintabaradan cikin jahar Tawa, sojoji suka yi ramuwa a kan farar hula. Gwamnati ta ce gommai ne suka mutu, Abzinawa suka ce sun haura dubu. A farkon 1999 kuma aka gano kabarin bai-ɗaya a Bultungur, yankin Diffa, mai gawarwakin Tubawa kusan 150.

Tunawa da su iri biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke jawo yawancin gardamar. Akwai tunawa ta gida: addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani, sa wa jariri sunan mamaci. Akwai ta fili: rana ta musamman, sunan titi, darasi a makaranta, hukuncin kotu. Ta farko mamaci take wa aiki, tana nema masa rahama. Ta biyu masu rai take wa aiki, tana tabbatar da wa ya yi me.

Abin da jana'iza ke riƙewa da abin da take rufewa

A zamanin da taron mutum goma kan jawo tambaya daga jami'an tsaro, zaman makoki na cikin 'yan tarukan da hukuma ba ta iya hanawa cikin sauƙi. Wanka, likkafani, salla da binnewa farilla ce a kan al'umma, kuma shugaban da ke son a gan shi a sahun gaba ranar Idi ba zai so a ce ya hana a sallaci gawar Musulmi ba. Shi ya sa a ƙasashe da yawa makoki kan zama wurin da fushi ke fara taruwa. A Yamai ma, mako guda bayan kisan gadar Kennedy, ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai suka fito tattakin juyayi mai girma, kuma daga nan matsin lambar da ta kai ga babban taron ƙasa na 1991 ta ƙara ƙarfi.

Sai dai tsarin jana'izar da muke bi, bisa dalilai na addini masu kyau, ba ya barin shaida. Ana gaggauta binnewa, sau da yawa kafin rana ta faɗi. Iyalai ba sa son a fasa gawa don bincike. An hori mai wankan gawa da ya rufa asirin abin da ya gani, kuma ko da yake manufar horon ita ce kare mutuncin mamaci, a aikace raunin harsashi da shatar bulala ma kan shiga ƙarƙashin likkafani ba tare da an rubuta su ko'ina ba. Kabari kuma ba a gina shi. Wanda ya shiga maƙabartar Yantala ya san bayan damina kaɗan, itace ko guntun allon da aka kafa kan ɓace. Zaman makoki kwana uku ne, mace mai takaba ce kawai ke yin wata huɗu da kwana goma. Kalmomin gaisuwar ma sun san inda suke tsayawa: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, kwana ne ya ƙare. Duk gaskiya ne a aƙida, amma da su ake gaisuwar wanda zazzaɓi ya kashe, da su ake gaisuwar wanda aka harbe.

Ranar shekara kuma tana da nata saɓani. Malaman ɗariƙu da yawancin gidaje ba sa ganin laifin sadakar uku, bakwai da arba'in, ko saukar Alƙur'ani duk shekara. Malaman Izala da masu ra'ayinsu na ganin ware rana don mamaci bidi'a ce, addu'a ba ta da kalanda. Wannan saɓani ba a kan siyasa ya taso ba, amma yana da sakamako na siyasa: iyalin da suka bar taron shekara saboda aƙida sun rasa ranar da a da ake maimaita wa yara labarin yadda kakansu ya mutu. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta kauce wa matsalar ta wata hanya, domin taronta na 9 ga Fabrairu na ƙungiya ne, da jawabi da buƙatar a hukunta masu laifi, addu'a tana biye.

Kalmar shahidi ma ana jan ta ɓangare biyu. Ɗalibai na kiran mutanensu shahidai. Hukuma na kiran sojojin da suka faɗi a fagen daga haka, kamar 71 da 'yan bindiga suka kashe a sansanin Inates, aka binne su a Yamai a Disamban 2019. Malamai masu tsantseni kan tunatar cewa ba a yanke wa wani mutum takamaimai shahada, fata ake yi masa. A bakin jama'a dai, wanda aka kira shahidi ya fita daga zargi, shi ya sa da wuya gwamnati ta ba wanda jami'anta suka kashe wannan suna.

Wanda ba a ga gawarsa ba

Nan ne fiƙihu ya fi shiga rayuwar talaka kai tsaye. Mutumin da aka ɗauka da dare bai dawo ba, a shari'a mafƙudi ne, ba rayayye ba ne tabbas, ba kuma matacce ba. Risala, littafin fiƙihun da almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaure, ta kawo hukuncin Malikiyya: matarsa ta kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu daga ranar ƙarar bayan an neme shi, sannan ta yi idda irin ta mamaci, sai ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye sun cika.

An tsara wannan hukunci ne don fatake da matafiya, inda alƙali da sarki ke taya iyali nema. Idan hukumar da za a kai wa ƙara ita ce ta ɗauke mutumin, lissafin ya canja. Matar ba za ta iya fara ƙirgen shekara huɗu ba sai ta je gaban hukuma ta ce mijina ya ɓace, kuma tambayar farko da za a yi mata ita ce wa ya ɗauke shi. Sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da gawarsa ba ta nan, Shafi'iyya da Hambaliyya sun yarda da ita bisa hujjar sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, amma mashahurin ra'ayin Malikiyya bai tafi a kanta ba. Saboda haka gida na iya shafe shekaru babu takaba, babu rabon gado, babu salla, babu kabarin da za a nuna wa ɗa.

Hujjojin masu cewa a bari

Suna da nassi. Hadisi ingantacce ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka aikata, kuma Diori, Kountché da Ali Saibou duk sun rasu. Alƙur'ani ya yabi mai haɗiye fushi da mai yafewa. Suna kuma da hujjar maslaha: ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a Tilaberi, Tawa da Diffa ba ta buƙatar a tono abin da zai haɗa soja da farar hula faɗa, ko ya tayar da gabar ƙabila. Sukan nuna yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, wadda ta zama ranar haɗin kan ƙasa, har ake bikinta a Cintabaradan kanta, su ce abin da sulhu ya kawo shari'a ba za ta kawo shi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Mutane da yawa na tuna Kountché da alheri, saboda tsare dukiyar ƙasa da kula da abincin talaka. Babban filin wasa da gada ta uku a Yamai sunansa suke ɗauke da shi, kamar yadda filin jirgin sama ke ɗauke da na Diori. Ga irin waɗannan, jera sunayen waɗanda suka mutu a kurkuku tamkar ɓata sunan mutumin da suke yi wa addu'a ne.

Hujjojin masu cewa a tono

Su ma daga littafin suke karantowa. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ce wanda aka kashe bisa zalunci, an ba waliyyinsa iko. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Hadisi ya ce jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama. Sukan bambanta zagin mamaci da faɗin abin da ya faru, su ce da faɗin tarihi zagi ne da malaman tarihin Musulunci ba su rubuta abin da Hajjaj, gwamnan Iraƙi da ya shahara da zubar da jini, ya aikata ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce rabe haƙƙin Allah da haƙƙin bayi. Wanda ya bar salla ya tuba, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya zubar da jini, akwai masu haƙƙi a duniya, kuma zaɓi uku ke gabansu: ƙisasi, diyya ko afuwa. Malikiyya ta ƙara da cewa ko an yafe wa mai kisan ganganci, ana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, kisan gilla kuwa babu afuwa a cikinsa. Duk waɗannan suna buƙatar a san wanda ya yi kisan. A wannan gaɓa, hujjar masu cewa a bari tana da rauni ta fuskar fiƙihu: yafiya abin yabo ce, amma ta mai haƙƙi ce, kuma ba a yafe wa wanda ba a sani ba.

Afuwar da kundin tsarin mulki ya bayar

Nijar ta gwada tonon sau ɗaya. Babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin André Salifou, ya kafa kwamitin binciken laifuka da ta'asa, aka saurari shaidu jama'a na ji ta rediyo. An tsare Kaftin Maliki Boureima kan kisan Cintabaradan, amma a Fabrairun 1992 sojoji masu bore suka fito da shi. Daga nan kowa ya gane iyakar abin da farar hula za su iya.

Shari'ar Ibrahim Baré Maïnassara ta fi nuna inda afuwar hukuma da ta addini suka rabu. Shi kansa da juyin mulki ya hau a 27 ga Janairun 1996, kuma a zamaninsa aka yi kisan Bultungur. Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999 dogaransa suka harbe shi a filin jirgin Yamai, aka sanar wa ƙasa cewa mummunan haɗari ne. Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta biyar ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999 gaba ɗaya. Iyalinsa da jam'iyyarsa ta RDP-Jama'a suka ci gaba da saukar Alƙur'ani duk 9 ga Afrilu, suka kuma ci gaba da neman shari'a, ba su ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ba. A Oktoban 2015 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su sefa miliyan 435. An samu abin da ya yi kama da diyya, amma babu wanda aka gurfanar. Iyalin tsohon shugaba ne, masu lauya da jam'iyya. Makiyayin Azawak ko na Diffa ba shi da ko ɗaya.

Yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe

Muritaniya ce ta fi kama da mu. A daren 28 ga Nuwamban 1990, zamanin Ould Taya, aka rataye sojoji baƙar fata 28 a barikin Inal, cikin ɗaruruwan da aka kashe a wannan lokaci. A 1993 aka yi dokar afuwa. Ranar 25 ga Maris 2009 shugaban mulkin soja Mohamed Ould Abdel Aziz ya je Kaédi aka yi wa mamatan salla, aka biya wasu iyalai kuɗi, gwamnati ta ce an rufe babin. Wasu sun karɓa, suna ganin karo na farko ne hukuma ta amsa cewa an yi kisa. Ƙungiyoyin zawarawa da marayu da dama suka ƙi, suka ce a nuna musu kaburbura, a faɗi sunayen masu laifi. Salla ɗaya ce, wasu suka ga amsa laifi a cikinta, wasu suka ga an yi amfani da ita don hana tambaya.

A Chili, bayan juyin mulkin Pinoshe na 1973, cocin Katolika ya buɗe ofishin taimakon waɗanda aka zalunta a 1976, ya ɗauki lauyoyi, ya rubuta sunan duk wanda aka kama da ranar da aka kama shi. Waɗannan takardu ne kwamitin gaskiya ya dogara da su bayan 1990. A Ajantina kuwa, inda soja suka yi mulki daga 1976 zuwa 1983, yawancin manyan cocin shiru suka yi, har a 2007 aka yanke wa wani limamin coci na 'yan sanda ɗaurin rai da rai saboda hannu a azabtarwa. Bishop Anjeleli da aka kashe a 1976, shi ma haɗarin mota aka ce, sai a 2014 kotu ta tabbatar kisa ne. Addini ɗaya, maƙwabtan juna, sakamako biyu. Bambancin ya fi alaƙa da ko shugabannin addinin na cin gashin kansu, da ko suna da ofishi da rajista. A Nijar, Kountché ya kafa Ƙungiyar Musulunci ta ƙasa a 1974, ita kaɗai hukuma ta yarda da ita har guguwar dimokuraɗiyya ta zo, kuma masallacin unguwa ba ya ajiye littafin mamata.

Iran ta nuna fuskokin biyu cikin shekara goma. A 1978 makokin kwana arba'in na waɗanda aka kashe a Ƙum ya haifi zanga-zangar Tabriz, na Tabriz ya haifi wasu, har sarautar Shah ta faɗi. A 1988 gwamnatin da ta gaje shi ta kashe dubban fursunonin siyasa, ta hana iyalansu makoki a fili.

Abin da ya shafi talaka

Na farko takarda. Wanda hukuma ba ta amsa mutuwarsa ba, iyalinsa kan sha wuya wajen samun shaidar mutuwa, kuma babu ita babu fansho, babu taɓa kuɗin banki, rabon gida a birni ma sai da jayayya. Sadaka da fatiha ba sa cike wannan gurbi.

Sai batun tono gawa. Asalin hukunci haramci ne, saboda mutuncin mamaci, amma malamai sun halatta shi idan akwai lalura ko haƙƙin wani. A Gambiya, ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye, kwamitin gaskiya ya tono ƙasusuwan sojoji bakwai a barikin Yundum a 2019, waɗanda aka kashe a Nuwamban 1994 zamanin Yahya Jammeh. Idan wata rana aka zo kan kaburburan bai-ɗaya na Azawak ko Diffa, matsayar limaman yankin za ta yi nauyi wajen yardar iyalai fiye da takardar kowane alƙali.

Akwai kuma rashin daidaito a tunawar kanta. Ɗaliban 1990 uku ne, amma suna da ƙungiya, suna da rana, an san sunayensu. Mutanen Cintabaradan sun ninka su nesa, amma ko adadinsu ba a daidaita a kai ba, kuma labarinsu yana hannun tsofaffin mata a rugage, waɗanda ba sa zuwa maƙabarta, ba a kuma kiran su taron gwamnati. Wanda yake da shekara 30 a 1990 yanzu ya haura 60, shaidun 1964 kuwa saura ƙalilan.

Hanyoyin neman haƙƙi ma sun ragu. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, don haka kotun da iyalin Baré suka je ba ta buɗe ga sabuwar ƙara daga Nijar ba. Iyalin da ke son a rubuta yadda nasu ya mutu, kotunan cikin gida suka rage musu, kuma a can lauyan gwamnati na da abu biyu da zai fara ɗagawa: afuwar da aka riga aka yi, da tsawon shekarun da suka shuɗe.